Madallar Baba Saje

Makon jiya wata mata ta kawo mini ɗanta in koya masa gogen Turawa, wanda yanzu kowa ke kira bayolin. Tun yaron bai zauna ba ta gindaya mini sharuɗɗa. Tana so ya iya waƙa guda kafin bikin zagayowar ranar haihuwarsa, don a ɗauke shi a waya a tura wa dangi. Sannan ta ƙara da cewa, "Mama, don Allah kada ki yi masa faɗa, ba ya son faɗa. Ki riƙa yaba masa kawai, shi da yabo yake aiki." Na dube ta, na dubi yaron da ya shaƙe wuyan gogen kamar mai riƙe da kazar da za a yanka. Na kwana biyu a wannan sana'a. Na koyar da yaran da ko famfara ba su yi ba, na koyar da masu furfura, amma har yau na kasa sabawa da wannan sabon salo na raba yabo kamar alewa. Da suka tafi na zauna raina a ɓace, sai tunani ya ɗauke ni ya mayar Abakpa, unguwarmu a Kaduna, zamanin da nake yarinya, lokacin da kalmar "madalla" guda ɗaya ta gagare ni damina guda cur.

Abakpar da na sani ba ita ce ta yau ba. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, an kuma koma tuƙin mota ta hannun dama, tsofaffi na ta rikicewa wajen tsallaka titi. Gidajen laka ne masu rufin kwano, da mangwaro a kusan kowane tsakar gida. Ba agogo muke bi ba, sauti muke bi. Da asuba kiran salla, bayansa begila daga bariki, sai ƙarar bokitai a bakin famfon unguwa da gardamar wa ya riga wa. Da hantsi jirgin ƙasa ya yi kuka daga tasha. Da yamma karatun yara ya taso daga zauren malamin allo da ke bayan gidanmu, ya gauraya da waƙar matan zumunta daga cocinmu, babu mai cewa wani ya rage murya. In ruwa ya sauko a kan kwano kuwa, kowa sai ya yi shiru dole ya jira. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri kunnensa a buɗe yake, yana bambance takun mahaifinsa da na maƙwabci tun daga bakin layi. Yau je ka tsaya a layin namu. Shaguna ne, da janareto, da hon ɗin masu keke, da lasifikar masu tallar magani. Yaro ko tsirkiyarsa ta kauce ba zai ji ba, sannan a ce in mayar da shi makaɗi cikin 'yan makonni.

Mu 'yan kudancin Zazzau ne, aiki ya kawo Babanmu Kaduna. Akawu ne a wani ofishin gwamnati, mutum mai son komai ya tafi a kan layi. Abin da kunnensa ya ji shi ne gaskiya a wurinsa, ba ya tona ƙasan magana. Ni ce babba, don haka ɗebo ruwa nawa ne, kai niƙa nawa, wanke-wanke nawa, goyon ƙanina ma nawa. Ranar da nake da darasi da sassarfa nake yin komai. Nakan tankaɗe garin tuwo ina motsa yatsun hagu a gefen rariya, ina bitar abin da aka koya mini, har Mama ta ce, "Ke, garin nan ba kiɗa ba ne, kin zubar mana da rabi a ƙasa." Da kyar Babanmu ya yarda in shiga koyon gogen, shi ma don yana fatan wata rana in riƙa raka mawaƙan coci. Amma tun ranar farko ya kafa sharaɗi. In aka ga ba ni da kan abin, zan koma koyon ɗinki wurin ƙanwar Mama, ba gardama.

Mai koya mana shi ne Malam Bulus, malamin firamare da bai daɗe da aure ba. A kwalejin horon malamai ya koyi gogen wurin wata Baturiya, da za ta koma ƙasarsu ta bar masa guda biyu, babba da ƙarami. A barandar gidan hayarsa yake koyarwa bayan an tashi makaranta, kowa da lokacinsa. Akwai wata nas, akwai wani tela, akwai 'yan yara maza, akwai ni. Ba irin gogenmu na gida ba ne mai tsirkiya ɗaya. Wannan tsirkiya huɗu gare shi, a ƙarƙashin haɓa ake maƙale shi, a goga da baka mai izgar doki. Kafin a fara sai an shafa wa izgar ƙaro, kuma har gobe in na ji ƙanshin ƙaro sai in gan ni a barandar nan. Malam ba ya duka, ba ya kuma yawan yabo. Abin da yakan ce shi ne, "Ki saurara kafin ki goga. In kunne bai ji ba, hannu ba zai gyara ba." In ka yi daidai sai ya gyaɗa kai ya wuce gaba. Kalmar "madalla" tana bakinsa, amma tsada gare ta. Nas ɗin nan sau ɗaya ta taɓa samu, ta yi ta ba da labari har muka gaji da ji. Ni kuwa na ƙudurta a raina sai na karɓi tawa. Kuma ba yabon kai ba, na kusa, don na yi wa yaran mazan nisa, har Malam ya fara barina in tafi da ƙaramin gogen gida in kwana da shi a gefen tabarmata.

Ana haka, da farkon damina, Baba Saje ya shigo ya dagula mini komai. Tsohon soja ne daga Kurmin Mashi, dogo, a miƙe yake tafiya, gashin bakinsa fari fat. Ya yi yaƙin ƙasar Bama a zamanin Turawa, kuma duk zamansa a soja begila ya busa a ƙungiyar badujala. Da tsufa ya zo haƙoran gaba suka zube, leɓe ya daina riƙe iska, begila ta gagare shi. Ya ce gidansa ya yi masa shiru da yawa. Sai ya ci karo da gogen Turawa a gwanjon kayan wani Bature mai barin ƙasa, ya saya, ya ɗaure a bayan kekensa ya taho. Abokansa na masallaci sun yi ta tsokanarsa, wai da girmansa da furfurarsa zai koma ɗan goge. Ya ce musu nasa na fareti ne, ba na dandali ba. Ya tsaya gaban Malam Bulus ya ƙame ya ce, "Malam, ka ɗauke ni kurtu. Duk abin da na yi ba daidai ba, ka faɗa mini kai tsaye."

Faɗar hakan ba wuya. Amma Malam Bulus ajinsu ɗaya da ɗan Baba Saje a makaranta, ya sha cin tuwo a gidan tsohon, har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe shi. Yaran yanzu ba za su gane wannan ba. A lokacin, wanda ya yi sa'an mahaifinka ba ka duban tsabar idonsa, balle ka ce masa ya yi kuskure, balle ka kai hannu ka kama haɓarsa ka juya. Koyar da goge kuwa duk kama hannu ne da "ba haka ba". Tsohon ya damƙe bakan da ƙarfin soja, gwiwar hannunsa manne da haƙarƙari irin na tsayuwar fareti, in ya goga sai ka ce ana jan ƙofar kwano mai tsatsa. Malam ya dubi ƙasa ya ce, "Madalla, Baba." Ina gefe ina jiran lokacina, na ji kalmar da na yi wata da watanni ina nema ta faɗo a banza a kan wannan ƙara. Na ji haushi har cikin ƙashina.

Ba a jima ba Malam ya ce daga yau ni da Baba Saje tare za mu riƙa darasi. Na ɗauka girmamawa ce aka yi mini. Muka tsaya gefe da gefe muka goga tsirkiya ɗaya tare. Sai Malam ya ɗaure fuska ya dube ni.

"Ke, ɗaga gwiwar hannunki. Sau nawa zan faɗa miki?"

Na dubi gwiwar hannuna, tana nan inda shi da kansa ya koya mini in ajiye ta. Na ɗan ƙara ɗagawa.

"Saki wuyan hannun nan. Baka ne, ba taɓarya ba."

Ya juya wurin tsohon, murya ta sauko. "Madalla, Baba. A ci gaba."

Haka aka yi ranar, haka aka yi darasi na gaba, haka damina ta miƙa. In yatsa ya sauka ba a wurinsa ba, nawa ne, ko da nawan yana daidai. In an yi sauri, ni na yi. In an danne tsirkiya, ni na danne. Ina gani ta wutsiyar ido, duk lokacin da aka yi mini tsawa gwiwar hannun tsohon takan ɗan tashi, amma ƙuruciya ba ta bar ni na gane inda aka dosa ba. Abin da na sani kawai shi ne ana yi mini faɗa a kan abin da ban yi ba, a gaban baƙo. Abin takaicin kuma, ni yarinya ce mai bin umarni. Aka ce ɗaga, sai in ɗaga har ta wuce wuri. Aka ce sassauta, sai in sassauta har bakan ya riƙa zamewa. A hankali sautina mai daɗin nan ya fara lalacewa da gaske, na daina yarda da kunnena. In na koma gida na shiga bayan ɗaki ina gwadawa, sai in rasa wanne ne daidai, wanda nake ji ko wanda aka faɗa mini.

Wata rana na tsaya bayan tsohon ya hau kekensa, na ce, "Malam, ni fa ban gane ba. Wane wuri nake ɓatawa? Nuna mini in gyara." Ya ɗauki tsumma yana share ƙaro daga jikin gogensa, bai dube ni ba. "Ki yi yadda kika saba yi tun farko," in ji shi. Na ce, "To ai shi kake yi mini faɗa a kai." Ya ce, "Ki dai yi haƙuri. Maza gida, hadari ya taso." Da ya ja ni gefe ya faɗa mini kalma biyu, da na ɗauki faɗan nan ina dariya a ciki. Amma a wurinsa, gaya wa ƙaramar yarinya cewa dattijo ba ya iyawa, shi ma cin fuska ne. Har yau in na tuna sai in ji haushinsa, Allah ya ji ƙansa, ko da yake duk abin da na iya daga hannunsa na samu.

Sai wani yammaci ruwa ya kama Babanmu a hanyar dawowa daga ofis. Ya jingina kekensa ya fake a gefen barandar, bayan zanar da Malam ya kafa don tare feshi. Ba mu san yana nan ba. Ya tsaya har ruwa ya ɗauke, ya ji komai tun daga fari. A gida bai ɗaga murya ba, shi dama ba ya ɗagawa. Sai da ya wanke hannu bayan tuwo ya ce, "Na ji da kunnena yau. Tsoho mai furfura da ya fara jiya-jiya ana ce masa madalla, ke da kika shekara ana koya miki riƙon baka. Ba abin kunya ba ne mutum ya rasa kan abu. In wata ya ƙare ba a ga canji ba, ki mayar wa Malam gogensa ki tafi wurin ɗinki." Na buɗe baki, Mama ta harare ni, na rufe.

Da wannan maganar a ƙirjina na shiga darasi na gaba. Na yi watsi da duk gyaran da aka yi ta yi mini, na koma yadda kunnena ke so, na kuma ji sautin ya fito tas. Tsohon yana gefena yana ta jan ƙofarsa. Malam ya ce, "Ke, yatsa na biyu ya yi ƙasa. Ba kya jin yadda yake fita? Kunnen naki na ado ne?" Ban san lokacin da na sauke gogen daga haɓata ba.

"Malam, ba nawa ba ne. Na Baba ne. Kullum na Baba ne, kai ma ka sani."

Malam ya sunkuyar da kai. Baba Saje ya sauke bakansa. Ya dube ni, ya dubi Malam ya daɗe yana dubansa, ya sa gogensa a akwati a hankali, ya ɗaure a keke, ya yi sallama ya tafi. Kafin in isa gida labari ya riga ni, don matar maƙwabcin Malam tana tsintar shinkafa a bayan zana. Babanmu ya ce, "Da rashin iyawa ne kawai, da da sauƙi. Yanzu unguwa na cewa 'yar akawu ta ci mutuncin dattijo." Bai jira ƙarshen wata ba. Da kansa ya ɗauki ƙaramin gogen ya mayar, ya kuma ba da haƙuri.

Na koma wurin ɗinki. Ba na raina ɗinki, ya rufa wa mata da yawa asiri, amma ni ba shi nake so ba. Ina juya keken ɗinki hankalina na kan waƙa, in yi ta ɓata kalmasa ana warwarewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kusan kowa ya yarda gaskiya na faɗa, amma kowa ya ce bai kamata in faɗa ba. Wata rana muna gyaran wake Mama ta ce, "Ke ba ki san ba da ke ake ba? Yarinya mai hankali ta san in ana yi mata faɗa a gaban babba, wani lokaci saƙo ne aka ba ta ta riƙe." Na ce, "To tunda kin sani, me ya sa ba ki gaya wa Babanmu ba?" Ta ce, "In je in ce wa ubanki bai fahimci abin da ya ji da kunnensa ba?" Ka ji fa. Malam ba zai iya gaya wa tsoho ba, Mama ba za ta iya gaya wa mijinta ba, kowa ya san maganar kuma kowa ya kama bakinsa, sai ni ƙaramar cikinsu aka bar wa kayan.

Damina ta kusa ƙarewa, wata Lahadi bayan mun dawo daga coci, muka ji sallama a ƙofar gida da wata murya mai cika layi. Baba Saje ne cikin tsohon kakinsa da ya sha guga, Malam Bulus na biye da shi riƙe da akwatunan goge biyu, kansa a ƙasa. Babanmu ya ruɗe, ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya fara ba da haƙuri tun ba a gama gaisawa ba.

"Ranka ya daɗe, yarinya ce, mun riga mun hukunta ta."

"Dakata, Akawu," in ji tsohon. "Ka fara saurara tukuna."

Ya fito da gogensa ya kafa a haɓa ya goga. Kajin Mama suka watse, ƙanina ya fashe da kuka, Babanmu ya rasa inda zai sa idonsa. Da tsohon ya gama ya ce, "Yaya ka ji?"

Babanmu ya ce, "Madalla, Baba."

Tsohon ya yi dariya har dasashinsa ya bayyana. "Har da kai? To ku kam kun gama da ni da madalla. A kira mini yarinyar."

Na fito ina ɓoye hannuwa a zani. Ya sa Malam ya miƙo mini ƙaramin gogen. Yatsuna duk sun sha allura, amma nan da nan kunnena ya dawo, na goga waƙar da muke koyo har ƙarshenta. Da na sauke bakan na ga Babanmu ya saki baki yana kallona.

"Akawu," in ji Baba Saje, "shekara da shekaru ina busa begila. Haƙorana ne suka zube, ba kunnena ba. Tun ranar farko na san irin ƙarar da nake yi, na kuma san wanda ake yi wa faɗa. Na yi shiru don kada in kunyata yaron nan, shi ma ya yi shiru don kada ya kunyata ni, ashe a kan 'yar mutane muke zaune. Ranar da ta faɗa na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba, na daɗe ban buɗe akwatin nan ba. Amma ban san har gogenta aka karɓe ba sai shekaranjiya." Ya nuna Malam da leɓe. "Bulus ɗana ne. Ba zai iya gyara ni ba, ni ma ba na so ya iya. Amma wannan," ya nuna ni da baka, "jikata ce. Tsakanin jika da kaka ai sai wasa. Ta ce mini tsoho, ta ce mini kurma, ta ja mini gashin baki, babu mai cewa ta yi rashin kunya. Don haka aron jikalle na zo. Bulus ya koya mata, ita kuma ta koya mini."

"Baba, ai ƙaramar yarinya ce," in ji Babanmu.

"Shi ya sa."

Babanmu ya dubi Mama da ke laɓe a ƙofar madafa, ya sake dubana, ya ce, "Yadda ka ce, Baba."

"Saura abu ɗaya." Tsohon ya juya ga Malam Bulus. "Madallar da ka yi ta zuba mini duk daminar nan ba tawa ba ce, ajiya aka ba ni. Ga mai ita nan. Mayar mata da kayanta."

Malam ya ɗago kai. Karo na farko tun farkon damina ya dube ni ba da ɗaurarriyar fuska ba. "Madalla," in ji shi a hankali. "Tun tuni madalla." Na rungume gogen na ruga bayan ɗaki, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka karɓe shi.

Haka na zama malama tun ban iya ɗaura ɗankwali da kyau ba, ɗalibina na farko kuwa ya haifi ubana. Kuma ban raga masa ba, duk haushin damina sai da na fanshe. Sai in hau kan turmi don in kai tsayinsa, in kama gwiwar hannunsa in ɗaga, in ce, "Kaka, ƙwai ka ɓoye a hammata ne?" Ya ce, "Oda ce, jikalle, an bi." In ya kauce in ce, "Tsoho, ba haka ba, sake." Ya sake, yana gunaguni wai ko a bariki bai ga saje mai mugunta irina ba. Malam Bulus yana gefe yana gyaran tsirkiya, yana yi kamar ba ya ji. Ba zan yi ƙarya ba, Baba Saje bai taɓa zama gwani ba, yatsun sun riga sun sandare. Amma kafin wata damina ya iya fitar da taken begilar safiya a kan goge, tsaf, babu ƙarar ƙofa. Ranar da ya yi shi daidai na ce masa madalla, ya cire hularsa ya share ido da ita. Ya san wannan tasa ce.

Shi ya sa maganar matar nan ta tsaya mini a rai. A da babba ake jin nauyin gyarawa, har a nemo hanya mai nisa a bi, wani lokaci a taka na ƙasa ba a sani ba. Ban ce hakan daidai ne ba, ni aka taka. Amma ko a lokacin an san gyara dole ne, hanyar isar da shi kawai ake nema. Yanzu yaro ake tsoro, kuma ba hanya ake nema ba, gyaran ne ba a so gaba ɗaya. Ni kuwa na tsufa, na girmi duk mai shigowa ɗakina, babu wanda nake jin nauyinsa, amma masu son a faɗa musu gaskiya sun yi ƙaranci. Tun daga gindin mangwaron nan ban taɓa ɗora wa ɗalibi laifin wani ba, ban kuma taɓa ba wani madallar da ba tasa ba.

Yaron ya dawo darasi na biyu. Na kama gwiwar hannunsa na ɗaga, na ce, "Ba haka ba, sake." Ya dube ni da mamaki, ya sake, kuma wallahi na biyun ya fi na farko, yaron yana da kunne. Jiya uwar ta aiko direba ya ce ba za su ƙara zuwa ba, wai ta samo wani malami a waya wanda ba ya takura wa yara. Na ce a gaishe ta. Madallar yaron tana nan a bakina, na ajiye masa. In ya dawo ya yi aikinta, zai karɓi kayansa.